Wa Zai Biya Domin Yaron Da Ba Ya Amsa Kira?

Ya mai karatu, ina da tambaya guda wadda nake so mu yi shawara a kanta, ni da kai. Tambayar kuɗi ce, kuma ta shafi gidajen da ba su da shi.

A garuruwanmu na Arewa, daga Dogon Kirya har Gecheme, daga Matankari har Dumega, akwai wani irin yaro da kusan kowa ya taɓa gani. Jikinsa lafiya lau, ƙafafunsa suna ɗaukarsa, wani ma ya fi tsaransa kyaun fuska. Amma ya kai shekara uku ko huɗu bai ce "inna" ba. In ka kira sunansa ba ya waiwaya, ko da shi ke yana jin motsin kwano daga nesa. Ba ya duban idon mutum. Ba ya shiga wasan yara. Sai ya zauna shi kaɗai yana jera tsakuwa, ko yana kaɗa hannuwansa, ko yana lilo da jikinsa. In aka sauya masa wurin kwana, ko injin niƙa ya tashi kusa da shi, sai ya toshe kunnuwa ya yi ta kuka, ba mai iya lallashinsa.

In an haifi wannan yaro a gidan mai hali, za a kai shi Yamai, a nemi masu sani, a biya. In kuwa an haife shi a gidan da hatsi ke ƙarewa kafin damina ta raba, wa zai biya? Kuma ko daidai ne a ɗiba daga ɗan abin da jama'a ke da shi a kashe a kan yaron da likita ya ce ba ya warkewa? Wannan ita ce tambayar.

MENE NE KE DAMUN YARON?

Kafin mu yi zancen biya, bari mu san abin da ake biya dominsa.

Likitoci suna kiran wannan hali otizim. A rediyo wani lokaci za ka ji an ce galahanga. Tun daga ciki ƙwaƙwalwar yaron take tasowa ta wata hanya dabam, har magana da cuɗanya da mutane su yi masa wuya, ƙara da haske da taɓi kuma su yi masa yawa. Gado yana da babban hannu a ciki. Ya fi yawa ga yara maza. Ba iri ɗaya ba ne ga kowa: wani yana girma ya yi karatu ya riƙe sana'a, wani kuwa har tsufansa yana bukatar mai lura da shi. Waɗansunsu suna da farfaɗiya kuma. A 2022 masu bincike suka ƙiyasta kamar yaro 1 cikin 100 a duniya yana da wannan hali. Ashe ba abin Turawa ba ne kaɗai, yana nan cikin unguwarmu.

Ba a ɗaukarsa wurin wani kamar kyanda. Ba laifin uwa ba ne, ba rashin tarbiyya ba ne. Allurar rigakafi ba ta kawo shi: wani likita a Ingila ya yaɗa wannan magana a 1998, aka bincika aka tarar ba gaskiya ba ce, a 2010 aka janye rubutunsa, aka hana shi aikin likita. Kada ka hana ɗanka rigakafi saboda jita-jita.

Ka lura kuma, ba kowane yaro marar magana ne ke da otizim ba. Sanƙarau yana barin yaro kurma. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana taɓa ƙwaƙwalwa. Wahalar haihuwa ma haka. Shi ya sa aikin fari shi ne a kai yaro likita, a duba kunnensa da jikinsa duka.

Game da magani, gaskiya ita ce babu ƙwaya ko allura ko saiwa da ke cire otizim. Abin da ke taimako shi ne koyarwa: a koya wa yaro, sannu a hankali, kowace rana, yadda zai nuna abin da yake so, yadda zai ci da hannunsa, ya sa riga, ya zaga bayan gida, ya zauna tare da mutane. Wanda aka fara da shi da wuri ya fi samun ci gaba.

MATALAUCI YA RIGA YA BIYA

Mutane sukan ce, talaka ba shi da kuɗin jinyar irin wannan yaro. Amma ka duba da kyau, ya mai karatu. Talaka yana biya tun tuni, sai dai yana biya inda ba amfani.

Sa'anda yaro ya ƙi magana, sai masu ba da shawara su taru. Wannan ya ce iskoki ne, wancan ya ce sammu ne, wata ta ce ɗan ruwa ne, an musanya shi tun yana jinjiri. Sai a fara yawo. Yau zakara, gobe akuya, jibi turare da ƙyalle. A tafi wurin mai magani, a tafi wurin 'yan bori, a tafi wurin mai rubutu, a tafi wurin wanda ke sayar da addu'a da sunan Allah yana alkawarin mu'ujiza ranar kaza. Ban zo in zagi iyaye ba, gama ƙauna ce ke kai su, kuma wanda ɗansa ke wahala ba ya ƙin jin shawara. Amma akuyoyin sun tafi, yaron kuwa yana nan yadda yake.

Akwai wani biya kuma wanda ba a lissafta shi. Uwar yaron ba ta iya zuwa gamana ta nome ɗan waken da za ta sayar. Ba ta iya zama kasuwa. Ba ta zuwa biki ko suna, gama in ta kai shi ana kallonta, in ta bar shi zai fita ya ɓace, ko ya nufi rijiya, ko tabki da damina. Sai a fid da yayarsa daga lakwal domin ta yi reno, ilimin yarinyar ya tsaya ke nan. Wani miji ya gaji ya saki matar, ya ce daga danginta abin ya fito. Wata uwa kuwa, da ta rasa yadda za ta yi, ta ɗaure ƙafar yaron da igiya a gindin itace ta tafi rijiya. Kafin ka hukunta ta, ka tambayi kanka ko ka taɓa cewa, "Kawo shi nan in duba miki shi, je ki ɗebo ruwanki."

Saboda haka biya dai ana yi. Abin da ya rage mu tambaya shi ne ko daidai ne mace guda ta riƙa biya ita kaɗai, da ƙarfinta da mutuncinta da aurenta.

GARDAMA TA FARI: "AI BA YA WARKEWA"

Na ji dattawa masu hankali suna cewa, zuba kuɗi a kan wanda ba ya warkewa kamar zuba ruwa cikin rairayi ne.

Bari mu auna wannan magana. In haka ne, don me muke ciyar da tsohuwar da ta makance? Ba za ta sake gani ba, ba za ta sake daka ba. Don me aka buɗe wurin jinyar kutare a Danja, kusa da Maraɗi, a 1956? Yatsan da ya gutsure ba ya sake tsirowa. Duk da haka aka wanke gyambo, aka ɗaure, aka ciyar, ba wanda ya ce asara ce. Mun sani a zuciyarmu ba a auna mutum da abin da zai mayar mana. Da tiya ake auna hatsi, amma mutum ba shi da tiya. In muka yarda cewa sai wanda zai biya mu ne ya cancanci taimako, to mun yanke wa kanmu hukunci, gama kowanenmu yana tafiya zuwa ranar da ba zai iya biyan kowa ba.

Kuma kalmar nan "warkewa" tana ruɗinmu. Yaron da da ba ya iya faɗin ƙishirwa sai da kuka da buga kai, yau ya ɗauko moɗa ya miƙa wa uwarsa, an yi nasara. Yaron da ya koyi zaga bayan gida da kansa ya 'yantar da uwarsa daga wanki na kullum. Yarinyar da ta koyi zama cikin mutane rabin sa'a ta mayar da uwarta cikin jama'a. A idon mai wucewa waɗannan ƙananan abubuwa ne. Ka tambayi uwar, za ta faɗa maka girmansu.

Ga labarin wani mutum na gaske. A 1943 wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya rubuta bayanin yara 11 masu wannan hali, daga nan likitoci suka fara saninsa da suna. Yaro na fari cikinsu shi ne Donald Triplett, wanda aka haifa a 1933 a wani ƙaramin gari mai suna Forest, a jihar Misisipi. Yana ƙarami aka kai shi gidan ajiye yara, daga baya iyayensa suka je suka ɗauko shi. Ya girma a garinsu, ya yi karatu, ya koyi tuƙin mota, ya yi aiki a banki shekaru masu yawa, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Bai rabu da otizim ba har ya mutu. Abu biyu suka taimake shi. Iyayensa masu dukiya ne, wannan ba mu ɓoye ba. Na biyu kuwa, mutanen garin sun ɗauke shi nasu, ba su bar kowa ya wulakanta shi ba. Na farin ba mu da shi. Na biyun fa, wa ya hana mu?

GARDAMA TA BIYU: "AKWAI WAƊANDA SUKA FI SHI GAGGAWA"

Wannan gardama ta fi ta farin nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Kowace damina zazzaɓi yana kashe yara a ƙasarmu. Tamowa tana nan. In jika goma ce kaɗai a asusu, ga yaro yana suma da zazzaɓi, ga mai otizim, lalle za a fara da mai suma, gama rai ne a bakin ƙofa. Ba mai hankalin da zai ce a'a.

Amma ka lura da abin da ke faruwa. Kowace shekara akwai gaggawa. Bana fari, baɗi ambaliya, wata shekara rufin majami'a ko na masallaci, wata shekara baƙi za su zo taro. In muka ce yaron nan ya jira sai gaggawa ta ƙare, zai jira har ya yi gemu, lokacin koyarwa kuwa ya wuce. Sau da yawa "jira tukuna" hanya ce ta cewa "a'a" ba tare da jin kunya ba. Uba mai adalci, in tuwo ya yi kaɗan, yakan rage wa kowa loma, ba ya cewa ɗa guda ya kwana da yunwa kullum domin shi ba ya iya kuka da baki. Abin da nake roƙo shi ne rabo, ko ƙanƙane ne, amma tsayayye, wanda ba a taɓa shi.

Akwai kuma abin da zai sauƙaƙa maka zuciya. Babban abin da yaron nan ke bukata ba shi da tsada kamar yadda ake zato. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shirya wani tsari na koyar da iyaye, ta fito da shi ga kowa a 2022 bayan an gwada shi a ƙasashe da dama, har da Habasha. Zama 9 ne na iyaye a rukuni, da ziyara 3 a gida. Ba lalle sai babban likita ne zai koyar ba: ma'aikacin lafiya ko malamin makaranta da aka horar yana iyawa. Abin da ake koya musu shi ne su mai da aikin gida ya zama makaranta. Ki durƙusa daidai da idonsa. Ki bi abin da shi yake so, in tsakuwa ce ki jera tare da shi. Ki yi magana gajeriya: "ruwa", "zo", "ba ni". Ki riƙe moɗar ki ɗan jira, ki ba shi zarafi ya nuna ko ya furta. In ya yi, ki yaba masa nan take. A riƙa ci da wanka da kwana a lokaci guda kowace rana. Kada a doke shi saboda kuka, a nemi abin da ya tayar masa da hankali. Wannan duka ba ya cin kuɗi, lokaci da haƙuri yake ci. Amma uwar da ke daka da surfe da ɗiban ruwa daga asuba har dare, ina za ta sami lokaci in ba mu saya mata shi ba?

GARDAMA TA UKU: "BA NAUYINMU BA NE"

Wani zai ce na iyayensa ne. Wani ya ce na gwamnati ne. Wani ya ce a jira Turawan foroje.

Iyaye suna da nasu rabo, kuma mun ga sun riga sun ɗauki fiye da ƙarfinsu. Gwamnati ma tana da nata, har ta amsa da bakinta. A 2006 aka sa dokar duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu. A 2019 aka kafa doka ta musamman domin shigar da su cikin rayuwar ƙasa. Daidai ne mu tuna wa magajin gari da shugabannin lakwal da na asibiti waɗannan alkawura, cikin ladabi, ba sau ɗaya ba. Mu roƙa a horar da majo da ungozoma su gane alamun, a kuma karɓi yaran a aji. Amma ka sani, kyautar jinya tana tsayawa a shekara 5, bukatar yaron kuwa ba ta tsayawa nan. Daga Dutsi zuwa Yamai ya fi kilomita 270. Kuɗin mota na mutum biyu, da abinci, da masauki, sun isa su hana talaka tashi ko da ganin likitan kyauta ne.

Masu foroje kuwa, in sun zo mun gode. Amma foroje yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, yaron kuwa yana nan bayan motarsu ta tafi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. A Habasha wata uwa ce, Zemi Yenus, wadda ɗanta ke da otizim, ta buɗe makaranta ta fari domin irin waɗannan yara a Adis Ababa a 2002. Ta fara da yara kaɗan, taimako ya biyo baya. A nan ƙasarmu ma, asusun Mata Masu Dubara ya fara a jihar Maraɗi a 1991, mata suna zuba 'yan dalolinsu kowane mako, har aka kwaikwayi tsarin a ƙasashe da yawa. Mutanen da suka san gayya da adashe ba za su ce ba su san yadda ake ɗaukar nauyi tare ba.

Akwai wani dalili kuma da ke sa mu janye hannu, ko da ba mu faɗa da baki ba: muna zaton gidan ne ya jawo wa kansa. Wannan zato tsoho ne. A cikin Yahaya sura 9, almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho, suka so su san ko laifin wa ne, nasa ko na iyayensa. Yesu bai ɗora wa ko ɗaya ba, ya juya zancen daga neman mai laifi zuwa aikin da ya kamata a yi. Muddin muna binciken laifi, hannunmu yana cikin aljihu. Ran da muka bar binciken, sai mu ga aiki a gabanmu.

TO, ME ZA MU YI?

Sadaka ta rana ɗaya tana da kyau, amma ba ita ce amsa ba. Wannan nauyi na shekaru ne, sai a shirya masa kamar yadda ake shirya rumbu. Ga shawarata, ga ekklesiya, ga jama'ar masallaci, ga kowace unguwa.

Da fari, a san yaran. Dattawa da zumuntar mata su bi gida-gida cikin sirri da ladabi, ba tare da shela ba, ba tare da duban addinin gidan ba.

Na biyu, da kaka a ware musu rabo. In gida 40 suka ba da tiya ɗaya-ɗaya, tiya 40 ke nan. A sa mutum biyu su riƙe, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta a gaban jama'a, gama asusun da ba lissafi shi ke kashe zumunci.

Na uku, a kashe shi a kan abin da ke da amfani: kuɗin mota zuwa likita, awon kunne, maganin farfaɗiya ga mai ita domin kada ya yanke, murfin rijiya, ƙyaure mai kyau, da ɗan hasafi ga wanda za a aika ya koyo yadda ake horar da iyaye. Kada ko dala ta tafi wurin mai alkawarin warkarwa cikin kwana bakwai, ko da wane suna ya zo.

Na huɗu, a yi wa uwar gayya. A nome mata gamana. Mata su raba kwanaki, kowace ta karɓi yaron rabin yini a mako, ta saba da shi, shi ma ya saba da ita. A mayar da yayarsa lakwal.

Na biyar, a ba shi wurin zama. In ya yi ƙara a cikin taro kada a harari uwarsa. A hana yara jifarsa da kiransa mahaukaci. A riƙa kiransa da sunansa na yanka, ko bai amsa ba. Sa'anda ya girma a nema masa aikin da ya dace da shi, gama da yawansu suna son aiki mai tsari wanda ba ya sauyawa, kamar ban ruwa a garka, ko ba dabbobi abinci, ko tsince wake.

Ya mai karatu, mai yiwuwa tun da ka fara karatun nan akwai wani gida da ke zuwa maka a rai. Ka san ƙofarsa, ka san uwar. Kada ka jira a kafa kwamiti. Ka je a makon nan ka gaishe su, ka zauna, ka tambaye ta abin da ya fi yi mata wuya a yini, ka saurara har ta gama. Sa'an nan ka kai maganar gaban dattawa kafin a ɗaure dammunan bana. Allah ya ba mu zuciyar yi.